Yashi a Gwangwanin Madara

Ranar Alhamis labarin ya iske Viyon, tana bayan kasuwar Ijanikin tana bandar kifi. Hayaƙi ya cika mata ido, ba ta ga zuwansu ba sai da suka tsaya a kanta: Sesi yayar mijinta, da mata biyu 'yan cocinsu, kowace da ɗaurin ɗankwalin Lahadi alhali ba Lahadi ba ce. Suka gaishe ta, suka jawo benci suka zauna. Sesi ta tambaye ta ko ta ci abinci. Tun da Viyon ta shigo gidansu tana amarya, Sesi ba ta taɓa damuwa da cikinta ba. Ɗaya daga matan ta miƙa hannu a hankali, ta ɗauke wuƙar gyaran kifi daga gefenta, ta tura ta ƙarƙashin benci da ƙafa.

Viyon ba ta tambayi abin da ya faru ba. 'Ya'ya biyu gare ta, sai kawai ta ce, "Wanne ne?"

"Tashi mu je gida tukuna, Maman Setonji," in ji Sesi.

Shekara goma sha uku duniya na kiranta Maman Mausi, da sunan 'yar farinta. Setonji ƙarami ne, ba wanda ya taɓa kiranta da sunansa sai ran nan. Kifin da ke kan waya ya ƙone ƙurmus, maƙwabciyarta ce ta sauke shi daga baya.

Da safen ranar makarantar su Mausi ta kwashi 'yan ajinsu zuwa Badagry ganin wuraren tarihi, kamar yadda take yi kowace shekara. Yarinyar ta yi mako tana zumuɗi. Viyon kuwa dariya abin ya ba ta, don a wani ƙauye kusa da garin aka haife ta, kuma tana yarinya ta sha wucewa ta gaban tsohon benen nan na Turawan mishan da kwakwa a ka, ba ta taɓa ɗaga ido ta dube shi ba. Mausi ta ce mata, "Mama, ke wucewa kika yi. Mu gani za mu yi." Viyon ta ce to, ta gano mata, ta zo ta ba ta labari. Ta goge mata kayan makaranta da dutsen guga na gawayi, ta zuba mata dafa-duka a roba, ta ɗora mata kan kifi, don shi take so.

Sun ga benen, sun ga sarƙoƙin bayi, sun ƙetara ruwa zuwa tsibirin Gberefu inda aka riƙa loda mutane a jirgi a zamanin da. A hanyar dawowa kwalekwalen ya kife, bai yi nisa da tsibirin ba. Masunta suka faɗa ruwa suka tsamo yara. Da aka tara su aka duba, babu Mausi. Kafin la'asar aka fito da ita.

Abin da ya biyo baya kowa ya san shi, ba sai an faɗa wa kowa ba. Wanda ruwa ya ci ba a shigo da shi gari, a gaɓar da aka tsamo shi ake binne shi, don kada ruwan ya biyo shi gida ya ɗauki wani. Uwa da uba kuma ba sa ganin gawar ɗansu, ba sa sanin kabarinsa. Tsofaffi sun ce uwar da ta san kabarin ɗa ɗaya za ta sake binne wani. Fasto ya zo ya yi addu'a mai tsawo, bai ce uffan a kan wannan ba, don shi ma haka aka yi wa uwarsa.

Washegari Hunpe, ƙanen mijinta, ya tafi binne ta da samarin gida biyu. Dosa mijinta ya zauna a ɗaki ya juya wa ƙofa baya. Viyon aka zaunar da ita a tabarma, mata suka kewaye ta, duk sanda ta yunƙura sai a danna kafaɗarta. Ta roƙi a kai wa yarinyar zane ko ɗaya daga akwatinta. Sesi ta ce an riga an sayi farin yadi a can.

Da yamma Hunpe ya dawo. Ya zauna a bencin bakin ƙofa, ya ce wa yayansa an gama, ya sha ruwa. Ya naɗe ƙafar wandonsa tun a can, da ya warware sai yashi ya zubo ƙasa. Viyon ta kafa wa yashin ido. Fari ne tas, mai laushi. Ta san gaɓar gari baƙar laka ce, irin wannan yashi sai tsibiri. Da mutane suka ragu, ta rarrafa ta share shi da tafin hannu, bai kai cikin cokali biyu ba. Ta zuba a gwangwanin madara, ta rufe, ta ajiye a taga. Ba wanda ya gan ta.

Bayan mako shugabar makaranta ta zo gaisuwa da malamai, suka kawo hoto a cikin gilashi. Yara ne a jere a bakin ruwa, kowa da rigar nan mai ruwan lemo da ke hana nutsewa. Ga Mausi a layin gaba, ta ɗaure igiyar rigar har wuya, tana dariya. Shugabar ta ce su duba da kyau, makaranta ta yi iyakar ƙoƙarinta, lokaci ne ya yi. Dosa ya karɓa ya yi godiya, ya rataye a bango.

Pentho, ƙawar Mausi, ita ta faɗa wa Viyon sauran. Ta zo kawo littattafan da Mausi ta bari a aji, ta tsaya gaban hoton, sai kuka. Ta ce ana gama ɗaukar hoton masu jirgi suka bi layi suka karɓe rigunan, don wata makaranta na jira a ɗauke ta. Ta ce aji biyu aka cusa a kwalekwale ɗaya saboda direban bas na sauri. Mausi na zaune kusa da ita, robar abincinta a cinya, tana ajiye kan kifin sai an koma mota. Wani babban jirgin kwasar yashi ya wuce, igiyar ruwa ta buge su. Shi ke nan.

Viyon ta faɗa wa Dosa. Ya ce ko an yi shari'a yarinya ba za ta dawo ba, a bar wa Allah. Ta bar wa Allah zancen riga. Zancen kabari ne ta kasa bari.

Ba kuka take so ta je ta yi a can ba, kuka ko'ina ana yinsa. So take ta san inda 'yarta take kwance, kamar yadda a da ba ta barci sai ta leƙa ta ga wajen da kanta yake. Takan tsaya gaban gangar banda tana juya kifi, sai tambaya ta faɗo mata: shin ruwa na kai wa wurin in ya cika? Shin aladun tsibiri na tonawa? Ba mai amsa mata. Matan kasuwa kuwa cikin 'yan kwanaki bakinsu ya saba da Maman Setonji, kamar ba a taɓa yin wani suna ba.

Hunpe kaɗai take da shi. Tun tana amarya suke wasa. Ba ta kama sunansa, Ɗan Gayu take ce masa, saboda yadda yake shafa turare kafin ya hau babur ɗinsa na haya. Shi kuma matarmu yake ce mata. Da damina ta ja, ta dafa masa teba da miyar ƙaguwa, ta bari ya ci ya ƙoshi ya wanke hannu.

"Ɗan Gayu."

"Matarmu, wannan miya da magana a cikinta. In yayana za ki bari ki dawo wajena, ki faɗa tun da wuri in share ɗaki."

"Ba sai ka kai ni ba. Ka faɗa min da baki kawai. Kafin rijiyar tsibirin aka sa ta, ko bayan rijiyar."

Dariyar ta bar fuskarsa. Ya dubi tsakar gida, inda Setonji ke tura murfin tukunya da kara yana yin kukan mota.

"Wancan fa? Kin gaji da shi?"

Ta ce zancen tsofaffi ne, su masu zuwa coci ne. Ta ce a Legas akwai matan da ke kai furanni kabarin 'ya'yansu, kuma sauran 'ya'yan na nan suna cin abinci. Ya ce ta je ta auri mutanen Legas ɗin. Ya ce da hannunsa ya sa yarinyar a rami, har yau bai iya cin kan kifi, kuma ba zai sake haƙa wani rami a gidan yayansa ba saboda miyar ƙaguwa. Ya ɗauki hularsa ya fita. Daga ranar ya rage zuwa gidan, in ya zo ma a waje yake tsayawa.

Shekara ta zagayo, lokacin da makarantu ke yawon. Viyon ta riƙa ganin bas-bas na wucewa ta babban titi cike da yara suna waƙa, hannuwa a waje. Wata safiya ta ce wa Dosa za ta Badagry sarin kifi, an ce ya yi araha. Ta ɗauki daro. Har ta kai bakin titi Setonji ya biyo ta a guje da gammonta da ta manta, yana haki, haƙoransa biyu na gaba babu. Ya ce ta sayo masa alewar kwakwa.

A Badagry ta tarar da wata makaranta daga Legas, yara masu kaya shuɗi da fari, sa'o'in Mausi. Ta bi bayansu da daronta. Malamai suka ɗauka mai talla ce, mai jagoran ya ɗauka uwar wani yaro ce, ba wanda ya kore ta. Mai jagoran wani siriri ne da usur a wuya, yara na ce masa Kawu. Bakinsa ba ya hutawa, kuma ya iya sa yara dariya.

Haka ta ga abin da Mausi ta gani. Ta hau matakalar katako ta tsohon benen, wanda ta yi ta wucewa tana yarinya. Ɗakuna ne ƙanana masu warin jemage. Ta shiga ɗakin da aka tara sarƙoƙi, inda Kawu ke rataya wa yara ƙarfe a wuya ɗaya bayan ɗaya, su tanƙware don nauyi, a ɗauke su hoto. Ya nuna musu kurkukun da ake cusa mutane, ya nuna inda wata babbar bishiya ta taɓa tsayawa, ya nuna kabarin wani attajirin da ya sayar da mutane, an shafe shi da siminti, an rubuta sunansa da manyan baƙaƙe. Viyon ba ta iya karatu sosai ba, amma ta daɗe tana kallon rubutun. Komai na garin nan da mai nuna shi.

Aka gangara bakin ruwa. Masu jirgi suka fito da riguna masu ruwan lemo, yara suka sa, aka jera su, aka ɗauki hoto. Sannan wani ƙato ya bi layi yana karɓa, yana ratayawa a hannu. Viyon ta matsa kusa da wata malama mai tabarau ta ce a bar musu rigunan. Malamar ta dube ta daga sama har ƙasa, ta ce ruwan ba faɗi, yanzu za a ƙetare. Ƙaton ya ce ga wata makaranta can na jira, in Mama na da riguna a daronta ta fito da su.

Ta shiga jirgin. Wata yarinya mai kitso biyu ta zauna kusa da ita, Viyon ta damƙi bayan rigarta ta murɗe a hannu.

"Mama, za ki yaga min kaya."

"Yaya sunanki?"

"Romoke."

"Zauna daidai, Romoke."

Ba ta sake ta ba sai da jirgi ya daki yashi. Yarinyar ta gyara rigarta tana ƙunƙuni, ta gaya wa ƙawayenta, suka riƙa waiwaye suna ce mata Mama mai riƙo.

Yashin tsibirin fari ne tas. Viyon ta tsaya ta dube shi a kan yatsun ƙafarta. Dabararta ita ce ta rabu da yaran a nan, ta nemi matan da ke bandar kifi, ta yi ciniki, ta sako zancen a hankali kamar baƙuwa mai son jin labari. Amma hanya ɗaya ce, sai ta bi ayarin tukuna. Rana ta take. Aka yi tafiya cikin yashi har aka iso wata tsohuwar rijiya a gefen hanya. Kawu ya busa usur, yara suka kewaye. Ya ce a nan ake shayar da bayi kafin a kai su teku, duk wanda ya sha ruwan nan sai ya manta garinsu, ya manta uwarsa, ya manta sunansa. Yara suka riƙa tura juna, kowa na cewa wane ya sha ya manta lissafi.

"Har yanzu yana aiki?" Viyon ta ji bakinta ya tambaya.

"Gwada mu gani, Mama. Amma in kin manta hanyar gida, kada mijinki ya zo ya kama ni."

Aka yi dariya. Kawu ya bari ta lafa, sannan ya ɗaure fuska. Ya ce kafin su ƙarasa teku akwai wani tarihi sabo da zai ba su, don ya ga wasunsu na wasa da ruwa a jirgi. Ya ce bara wani yaro ya zo nan, ɗan makaranta kamarsu, mai taurin kai. An ce ya zauna, ya ƙi. Ya cire rigar da aka ba shi, ya miƙe tsaye yana rawa a cikin kwalekwale, har ya kifar da shi. Kowa ya tsira sai shi.

"Yarinya ce," in ji Viyon.

"Na'am, Mama?"

"Yarinya ce. A zaune take. Kuma ba ita ta cire riga ba, karɓa aka yi."

Kawu ya karkata kai yana murmushi. "Kina wurin?"

Ba ta wurin. Tana bayan kasuwa tana juya kifi.

"Ni kullum ina nan, Mama. Kifi kika zo saye, ko tarihi kika zo gyara mana?"

Malama mai tabarau ta ce don Allah ta bar mutum ya yi aikinsa. Kalma ɗaya Viyon za ta faɗa, cewa ita ce uwar, bakinsa ya mutu, amma ta san abin da zai biyo baya: Kawu ɗan ƙasar ne, zai kira matan tsibiri, su rufe mata fuska da zane, su mayar da ita jirgi suna ba ta haƙuri.

"To," in ji Kawu, "wanda bai yarda ba ya biyo ni. Nan kusa yake kwance. Ku zo ku ga inda rashin jin magana ke kai mutum."

Yara suka yi ihu, wasu na tsoro, wasu na murna. Viyon ta yi shekara guda tana roƙo, tana dafa miya, tana ƙulla dabara, ashe abin a banza ake nuna shi, tsakanin rijiya da teku, ga duk wanda ya zo da kayan makaranta. Ba sai ta tambayi kowa ba. Ta bi bayansu kawai da daronta, kamar yadda take yi tun safe.

Kawu ya sa usur a baki, ya fara ɗaga hannu zai nuna hanya.

Gammon na hannunta. Ta ji shi a tafinta, da ɗan danshin gumi, ta ga Setonji yana gudu yana haki, da giɓinsa. Zancen tsofaffi ne, ita da bakinta ta faɗa. Har yanzu ma haka take gani. Amma in ta je, ran da zazzaɓi ya kama shi fa? Ran da ya makara daga makaranta, ran da ta ga mata da ɗankwalin Lahadi sun nufo gangarta? In tsofaffin ne da gaskiya, ba ita za ta kwanta a rami ba.

Kafin hannun ya miƙe ta juya baya. Ta durƙusa a bakin rijiyar, ta kifa daro a gefe, ta toshe kunnuwanta da yatsu don kada ta ji ta inda muryoyin suka bi. Duk da haka tana jin usur, sai ta kama wata waƙar coci da ƙarfi, baiti ɗaya tana maimaitawa. Ruwan rijiyar kore ne, da ledar biskit na yawo a kai. Ta ga fuskarta a ciki, baki na motsi. Ba ta san tsawon lokacin da ta yi a haka ba.

Taɓa ta aka yi a kafaɗa. Romoke ce, tana tsotsar lemo, ƙawayenta sun yi gaba.

"Mama mai riƙo, ba ki zo kin gani ba. Tsoro kike ji?"

Viyon ta kama hannunta, wannan karon a hankali. Ta ce kada ta nuna mata ko'ina, kada ta waiwaya, ta amsa mata da baki kawai.

"Akwai suna a wurin?"

"Babu. Tudun yashi ne kawai, an kewaye shi da ɓawon kwakwa. Wani ɗan ajinmu ma ya taka, Kawu ya daka masa tsawa."

"Ruwa na kai wa wurin?"

"Ban sani ba. A bushe yake."

"Akwai inuwa?"

Yarinyar ta yi ɗan tunani. "Babu ko kaɗan. Yashin har ƙona ƙafa yake ta cikin takalmi. Shi ya sa ba mu daɗe ba."

Viyon ta gyaɗa kai. Mausi ba ta son rana, tun tana goye takan cusa fuska a bayan uwarta.

"Sunanta Mausi," ta ce.

"Kawu ya ce namiji ne."

"Mausi."

Romoke ta ce to, irin to ɗin da yara ke ce wa manya don a sake su. Ta ce an ce su rubuta duk abin da Kawu ya faɗa, malama za ta duba ranar Litinin. Aka busa usur, ta zare hannunta ta ruga.

Viyon ba ta ƙarasa teku ba, ba ta nemi matan banda ba. Ta koma bakin ruwa idonta a ƙasa, ba ta duba dama ba, ba ta duba hagu ba. A gari ta sayi alewar kwakwa, ta hau mota da daro wayam.

Ta tarar da babur ɗin Hunpe a ƙofar gida. Dosa ne ya kira shi, don Sesi ta ce ba wani kifi da ya yi araha a Badagry. Hunpe bai dubi fuskarta ba, ƙafafunta ya duba. Farin yashi ya maƙale a tsakanin yatsunta da bakin zanenta.

"Matarmu. Kin gani?"

"Ban gani ba."

"Ki dubi yaron nan ki faɗa."

Setonji ya riga ya ƙwace alewar yana fama da leda. Ta dube shi ta ce, "Ban gani ba. 'Ya'yan mutane sun gani, suna shan lemo. Gobe ma wasu za su gani. Ni ban gani ba."

Dosa ya sauke ajiyar zuciya, ya ce an gode Allah, ya koma ɗaki. Hunpe ya tsaya yana juya makulli a hannu. Ta ce masa ya binne mata 'ya a rana. Ya ce inda masunta suka nuna nan ya haƙa, ba shi ya zaɓa ba, kuma ran nan da hadari, bai lura ba. Ya ce zai je ya dasa kwakwa a wurin. Bayan wata biyu ya zo ya ce ya dasa, har ta yi ganye. Wataƙila ya dasa. Ita ba ta da hanyar sani.

Hoton na nan a bango, Mausi da rigarta mai ruwan lemo ɗaure har wuya. Baƙi kan tsaya su ce kai, ga riga kuma, lallai lokaci ne. Viyon ta daina gyara musu. Setonji ya yi haƙora, ya shiga aji na gaba, kuma Sesi kan nuna shi ta ce ga amfanin jin maganar manya. In an zo shekarar da ajinsu za su Badagry, Viyon ta riga ta gaya wa Dosa ba inda za shi, ko za a kore shi daga makarantar.

Yashin da ta kwaso a ƙafarta ba ta haɗa shi da na gwangwani ba, ta wanke shi a bakin rariya. Na hanya ne, kowa ya taka. Na gwangwanin shi ne wanda ya fito daga wurin.

Yanzu da gwangwanin take zuwa kasuwa, a ƙasan daro, naɗe a tsumma. Da safe takan ajiye shi a kan benci kusa da ita. In rana ta take, inuwar rumfa ta janye, sai ta bar kifin a kan waya, ta goge hannu a zane, ta ɗauke shi ta mayar ƙarƙashin benci, kusa da tulun ruwa, inda ƙasa ke da sanyi.